Jirgin Ƙasa a Gindin Rumbu

Da kaka ta yi na je Fakku, ta wajen Kebbe, duba ƙanena da iyalinsa. Na tarar da ɗansa mai shekara 11 ya kumbura baki, ko tuwo ya ƙi ci. Ashe ubansa ne ya tattake masa jirgin ƙasa, don ya manta bai kawo wa awaki harawa ba.

Jirgin kuwa na karan dawa ne. Da totuwa ya yi kan jirgi, ya haɗa da ɓawon kara, taragu bakwai na gwangwanin kifi, ƙafafu na marfin kwalba. A gindin rumbu yake ajiye su, yana ƙara ɗaya duk ran da ya tsinci gwangwani. Yaron nan bai taɓa ganin jirgi ba sai a hoto. Layin dogo ya zo Kano a 1911, wani reshe ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Bai ƙaraso ƙasar Tambuwal ba.

Ƙanena ya ce mini, "Yaya, wannan ai wasan banza ne." Na ce ya zauna in ba shi labari.

A Turai akwai dattawa masu furfura da ke tara irin wannan abu, da kuɗinsu kuma. A 1972 wani kamfani na Jamus mai suna Märklin ya fito da jirage ƙanana ƙwarai, ana ce musu Z. Dokarsu ɗaya ce: kome za a yi, a raba girmansa na gaskiya gida 220, a ɗauki kashi ɗaya. Faɗin dogonsu mita ɗaya ne da milimita 435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. In an raba, sai ya koma milimita shida da rabi. Tarago mai mita 26 ya zama santimita 12. Mutum tsayayye kuwa bai fi ƙwayar shinkafa ba da yawa. Duk da haka lantarki na jan su, suna zagaya tebur har da fitila. Ni dai ban ga dalilin da mutum zai zuba kuɗin buhun gero a kan abin da kaza za ta iya ɗauka ba, amma wannan tsakaninsu ne da matansu.

Abin da ya sa na kawo zancen shi ne wannan. Da na tattara ɓaraguzan, na ga wani tsinken tsintsiya da aka yi wa zane-zane da wuƙa. Na tambayi yaron. Ya ce, "Baba, da fari na gina direba da yumɓu, sai ya fi ƙofar girma, ya kasa shiga. Shi ne na yi ma'auni. Ƙofa zane uku, mutum zane biyu da rabi, tarago zane goma sha biyu." Kun ji fa. Abin da masu sana'a a Jamus suke yi ke nan, shi kuwa ba wanda ya koya masa. Wannan yaro ne malaminsa ya rubuta wa "ba ya gane lissafi" a takardar ƙarshen zango.

Ban ce a bar awaki da yunwa ba. Yaron ya yi laifi, na kuma faɗa masa a gaban ubansa. Amma horo ya tsaya a kan harawa. Da an karɓe jirgin an rataye a ɗaki kwana biyu, ai ya isa. Aikin wata uku ne aka take cikin fushin minti ɗaya, iyaye da yawa kuma haka muke yi ba mu ko duba abin da muke takewa ba.

Ƙanena bai ce kome ba a daren nan. Da safe ina ɗaura kaya a babur, na hango shi bayan shagon mai shayi, ya sunkuya yana zaɓen gwangwanayen da ba su lotsa ba.