Kalmar Sirrin Jama'a Amana Ce a Hannunku

Ya ku masu gina shafukan intanet, da ku matasan da ke koyon wannan sana'a, ku saurara. Duk wanda ya buɗe akawun a shafin da kuka gina ya damƙa muku amana. Galibi kalmar sirrin da ya rubuta ita ce dai yake buɗe imel da ita, da Facebook, har da manhajar banki. In ta zube daga hannunku, makullin gidansa gaba ɗaya kuka miƙa wa ɓarawo.

A 2009 'yan kutse suka shiga rumbun bayanan kamfanin RockYou na Amurka ta hanyar cusa umarnin SQL, suka kwashe kalmomin sirri fiye da miliyan 32, duk a fili, ba a ko lulluɓe su ba. Har yau wannan jerin na cikin abin da ɓarayi ke fara gwadawa. A 2012 aka yi wa LinkedIn irin wannan ta'asa. Su sun lulluɓe nasu da SHA-1, amma ba su haɗa kowace kalma da nata ƙarin haruffa na musamman ba, sai aka warware mafi yawansu cikin ɗan lokaci.

Don Allah ku daina amfani da MD5 da SHA-1 wajen ajiye kalmar sirri! Don sauri aka ƙera su, kuma ɓarawo ne ke cin moriyar saurin, domin kwamfuta mai ƙarfi tana gwada biliyoyin kalmomi a daƙiƙa guda. Ga bcrypt nan tun 1999, ga Argon2 da ya lashe gasar masana a 2015. Da gangan aka rage musu sauri. Argon2 ma har ƙwaƙwalwar kwamfuta yake cinyewa, abin da ke sa fasa shi ya yi tsada matuƙa. In sabon aiki za ku fara, ku ɗauki Argon2id. In kun riga kun ɗora a kan bcrypt, ba laifi, ku ci gaba.

Kafin ku miƙa shafi ga mai shi, ku kai masa hari da kanku. ZAP, wanda Simon Bennetts ya fara a 2010, kyauta ne kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta shi. Yana tsayawa tsakanin burauza da shafinku, ya bi kowane lungu, ya nuna muku ɓarakar da ya gani. Burp Suite yana da kyau, amma cikakkensa sai da kuɗi masu yawa, kuma a rufe yake. Shi sqlmap aiki ɗaya ya sani, farautar kafar SQL, kuma ya iya shi sosai. Gitleaks kuma zai tono muku makullan sirri da kuka manta a cikin Git. Amma fa a shafinku kaɗai, ko wanda mai shi ya ba ku izini.

Ku kuma sauran jama'a, ƙwaƙwalwa ba za ta riƙe kalma talatin mabambanta ba, shi ya sa ake da taskar ajiye su. KeePass, wanda Bajamushe Dominik Reichl ya fitar a 2003, da reshensa KeePassXC, suna ajiye komai cikin fayil guda mai kulle a na'urarka. Ba ruwansu da intanet, abin da ya dace da inda sabis ke ɗaukewa. Sai dai in na'urar ta ɓace ba ka da kwafi, ka rasa komai. Bitwarden, da ya fito a 2016, yana haɗa waya da kwamfuta da kansa, ya fi sauƙi ga iyali da ƙananan ofisoshi. Ni shi nake nuna wa mai farawa. Ku tuna a 2022 an sace kwafin taskokin masu amfani da LastPass, kuma waɗanda babbar kalmarsu ta buɗe taskar gajera ce su suka fi shiga haɗari. Ku yi ta doguwa, kalmomi biyar ko shida marasa alaƙa da juna.

Yau ɗin nan ku shiga shafin Have I Been Pwned ku saka adireshin imel ɗinku. In ya fito cikin waɗanda aka sace, ku sauya kalmar nan take, ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, sannan ku zaunar da iyaye da ƙanne ku yi musu nasu.