Fiffiken da ke Lanƙwasa, da Abin da Ake Nufi da Dubawa



Kwanakin baya wani ɗalibina ya turo mini saƙo mai ɗauke da hoton jirgin sama wanda fiffikensa ke lanƙwasa kamar na shirwa, a ƙasa kuma an rubuta cewa Turawa sun gano abin da Alƙur'ani ya faɗa tuntuni. Na san ayar da ake nufi, ta 19 ce a Suratul Mulk, inda aka ja hankalin mutane ga tsuntsaye suna buɗe fukafukansu suna naɗewa. Na ji daɗin himmarsa, amma ban yarda da saƙon ba. Ayar kira ce zuwa ga dubawa, dubawa kuwa aiki ce. Bari mu ga yadda aikin ya gudana.

Jirgin farko ma da lanƙwasa ya fara. A 1899 Wilbur Wright ya lura da yadda ungulu ke murɗa ƙarshen fiffikenta idan iska ta karkatar da ita, sai shi da ƙanensa Orville suka ɗaura wa fukafukan katako da yadi wayoyin da ke murɗa su. Da wannan dabara suka tashi a kusa da Kitty Hawk ta Amurka ranar 17 ga Disamba, 1903, na daƙiƙa 12 kacal. Da jirage suka ƙara nauyi da gudu, sai aka koma fiffike mai tauri, aka maƙala masa wasu faifai a gefen baya masu buɗewa kamar ƙyauren ƙofa. Su ne mai karatu ke gani ta taga idan jirgi zai sauka.

To ina matsalar? Fiffike mai tauri siffa ɗaya gare shi, alhali tafiya ba hali ɗaya ba ce. Jirgin da ya tashi cike da mai yana raguwa da nauyi yayin da yake ƙona man, kuma abin da ake buƙata wajen tashi daban yake da na tsakiyar tafiya. Faifan nan suna taimakawa, sai dai gibin da ke tsakaninsu da jikin fiffike yana hargitsa iska, ya ƙara turjiya da ƙara. Turjiya kuwa mai take ci, kuɗin man kuma a kan tikitin fasinja yake ƙarewa.

Maganin a baki mai sauƙi ne: a yi fiffike mai sauya siffa ba tare da gibi ba. A aikace kuwa ana neman haɗa abu biyu masu saɓani, wato tauri da zai ɗauki nauyin jirgi, da laushi da zai bari a lanƙwasa shi sau dubbai bai tsage ba. Sojojin saman Amurka da hukumar NASA sun gwada a jirgin F-111 tsakanin 1985 da 1988. Fiffiken ya yi aiki, amma na'urorin da ke cikinsa sun yi nauyi da sarƙaƙiya. Sai a 2014 da 2015 NASA ta ɗaura wa jirgin Gulfstream III faifai marasa gibi na kamfanin FlexSys, wanda Farfesa Sridhar Kota na Jami'ar Michigan ya kafa, aka yi tashi 22, aka lanƙwasa su har daraja 30. A 2019 kuma masu bincike na MIT da NASA suka nuna fiffiken da aka harhaɗa da ƙananan gutsattsari masu kama da juna, wasu masu tauri wasu masu laushi, wanda matsin iska da kansa ke sauya masa siffa. Duk da haka, jiragen fasinja da muke hawa na nan da faifansu na da.

Wanda ya fi burge ni shi ne binciken David Lentink da abokan aikinsa a 2007. Sun sanya fukafukan tsattsewa a na'urar hura iska, suka auna, suka ga cewa miƙaƙƙen fiffike ya fi dacewa da shawagi a hankali, wanda aka ja baya kuma ya fi jure gudu da juyi mai tsanani. Tsattsewar nan dai da muke gani tana zagaya rufin masallaci da yamma! Mun gan ta, su kuma sun dube ta, da ma'auni da alƙalami.

Na san za a ce ai Abbas bin Firnas ya riga su a Ƙurɗuba ta Andalus tun ƙarni na 9. Haka ne an ruwaito, kuma al-Maƙƙari, wanda ya zo bayansa da kimanin shekara 700, ya ce ya ji ciwo a baya wajen sauka saboda bai yi wa kansa wutsiya ba. Abin da ke damuna shi ne mun riƙe sunan mutumin muna alfahari, amma tambayar da faɗuwarsa ta bari, wato aikin wutsiya wajen sauka, wasu ne suka ɗauka suka amsa.

Akwai kuma haɗari a irin saƙon nan. Idan muka ɗaure ma'anar aya a jikin wata fasaha, gobe injiniyoyi suka watsar da fasahar saboda tsada ko nauyi, me za mu ce wa yaron da muka gina yaƙininsa a kanta? Littafin Allah bai dogara da sakamakon gwajin NASA ba.

Na mayar wa ɗalibin nawa amsa cewa kada ya ƙara tura saƙon. Tunda yana ajin kimiyya, na ce ya samo gashin fiffiken tattabara, ya ja zarensa ya rabu, ya shafa ya ga yadda yake sake haɗewa, sannan ya zo mini ranar Asabar da bayanin dalili, a rubuce.