Gajimare A Kan Wata: Ƙorafi Ga Kwamitin Gasar Kati

 Ba al'adata ba ce in tsoma baki cikin abin da kwamiti ya riga ya yanke, amma wannan karon shiru ba nawa ba ne, domin kuwa abin da aka yanke za a buga shi a takarda ne a aika wa mutanen nesa da sunanmu duka.

Ga wanda bai ji ba, ga yadda abin yake. Wasu daga cikinmu masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya, watau labaran nan na tafiya sararin sama da na'urori da zamanin da bai zo ba tukuna, sun shirya ɗan taro a ƙarshen wannan zango. Sai suka sa gasar zanen katin wasiƙa, irin katin nan mai hoto a fuska ɗaya, a bayansa kuma wurin rubuta gaisuwa da adireshi da manna kan sarki. Zanen da ya ci shi za a buga, a aika wa takwarorinmu na Kano da Zariya da Katsina don gayyata. Zane 11 suka shigo, kuma na gan su duka ran da aka baje su a kan tebura.

Wanda kwamiti ya zaɓa, hoton ɗan sama jannati ne cikin farar rigarsa yana tsaye a kan wata kusa da tuta. Kowa ya san hoton, shi ne wanda Amurkawa suka ɗauko a 1969. Iyakar aikin mai zanen, ya ɗebe tutar Amurka ya kafa kore da fari da kore. Sa'an nan, don ƙawa, ya ƙara gajimare fari tas a sararin da ke bisa kan mutumin. Gajimare a kan wata! Wurin da babu iska, balle tururin ruwan da zai taru ya zama hadari. Ba ni da rigima da mai zanen, hannunsa na da kyau ƙwarai, ya ma fi kowa iya fenti a cikinsu. Rigimata da alƙalan da suka dubi wannan suka ce shi ne kimiyya.

Wanda aka jefar kuwa na abokina ne, wanda muke haya ɗaki guda a nan Dundaye. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya ce ya gano ni. Ya zana wata mata da zane da mayafi a cikin wani gida a kan wata. Ginin ƙasa ne mai kauri, da rufin daurin guga da zankwaye a kusurwoyinsa, gefe guda kuma rumfar gilashi. A cikin rumfar fangulan albasa ne irin waɗanda muke wucewa a fadamar Rima, tana ba su ruwa da wata na'ura, a waje ga faifayen tara hasken rana a jere, can nesa kuma ga duniyarmu ta leƙo. Gaskiya duniyar tasa ta fi kama da kabewa, na kuma gaya masa haka. Amma ba don kabewar aka ƙi shi ba. Cewa aka yi wai babu kimiyya a ciki, wai ya yi ƙauyanci, baƙi za su yi mana dariya. Har ɗaya daga cikin alƙalan ya ce wannan ai Dundaye ce aka ɗauka aka aza a kan wata.

To, in Dundayen ce, sai me?

Bari mu fara da kimiyyar, tun da ita aka kafa hujja da ita. Yini guda a kan wata yakan kai kwana 14 na duniya, dare ma haka. Da rana zafi yakan haura digiri 100, da dare sanyi ya faɗi ƙasa da sifiri da fiye da digiri 100. Ɗaukar siminti da ƙarfe daga nan zuwa can kuwa tsadarsa ta fi ƙarfin kowace gwamnati. Saboda haka masana suka koma ga dabarar da kowane magini na Sakkwato ya gada daga ubansa: ka yi gini da ƙasar wurin da kake, ka ba bango kauri, ya tare maka zafi da sanyi. A 2013 hukumar binciken sararin sama ta ƙasashen Turai ta fito da fasalin gidan wata, mai kama da kifaffiyar ƙwarya, an lulluɓe shi da turɓayar watan kansa. Shuka fa? A watan Janairu na 2019 irin auduga ya tsiro a cikin wani ɗan akwati da kumbon ƙasar Sin ya sauka da shi a kan wata, ko da yake sanyin dare bai bar shi ya yi kwana ba. Auduga, wadda manoman Gusau da Funtuwa suka sani kamar yunwar cikinsu. Don haka ina tambayar kwamiti, tsakanin ginin ƙasa da fangalin albasa a gefe guda, da gajimare a ɗaya gefen, wanne ne ya saɓa wa kimiyya?

Amma na san ba nan gizo ke saƙa ba. Abin da ke zuciyar alƙalanmu shi ne, da zarar an ga zane da mayafi da zanko, to an koma jiya, gobe kuwa sai da farar riga da Turanci. Wannan tunani yana da asali, kuma katin wasiƙa na cikin abubuwan da suka shuka shi. A farkon ƙarni na 20 wani Bafaranshe mai suna Edmond Fortier, mazaunin Dakar, ya buga dubban katuna na Afirka ta Yamma, wasu Turawan ma suka yi irin nasu a nan ƙasarmu. Abin da ake ɗauka sananne ne: raƙumi, da mahayin doki, da marina, da kasuwa, da matan da ba a nemi izininsu ba. Joji ko soja ya saya ya rubuta wa matarsa layi biyu ya jefa a gidan waya. Mutumin da ke cikin hoton ba shi ke aikawa ba, ba kuma shi ake aika wa ba, shi abin kallo ne kurum.

Wani daga cikin alƙalan ya riƙe wannan ya juyo mini da shi a teburin mai shayi. Ya ce ai zanen abokin nawa shi ne irin na Turawan mulki, mace da albasa, abin da suke son gani ke nan. Na yarda maganarsa ta fi ta sauran nauyi, na kuma kwana ina juya ta. Sai dai a sake duban zanen. Matar nan ba tsayar da ita aka yi ba. Gidanta ne, gonarta ce, hannunta ne a kan na'urar, ba ta ma san ana kallonta ba. Wanda aka tsayar don a kalla, aka ara masa riga da tsayuwa da komi, shi ne mutumin kwamiti.

Abin haushin ma, mu ɗaliban Hausa ne muke wannan gardama, alhali muna da Tauraruwa Mai Wutsiya. Umaru Dembo ya fitar da shi a 1969, shekarar da aka taka watan, ya ɗauki yaro Bahaushe, Kilba, ya haɗa shi da Kolin Koliyo suka yi sama, bai canza masa suna ba, bai canza masa harshe ba. Kafin nan, a 1962, da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, ɗaya daga cikin tashoshin da suka riƙa bin sawunsa a Kano take. Mu kuma a wannan gari, duk ƙarshen Sha'aban ƙasar nan kaf takan kasa kunne ta ji abin da fadar Sarkin Musulmi za ta ce game da wata. Ashe mun isa mu duba shi, ba mu isa a zana mu a kansa ba?

Baƙin da ake tsoron dariyarsu ma, a duba abin da suke karramawa. Babban taron duniya na masoya irin waɗannan labarai an fara shi a New York a 1939, an yi shi a Japan a 2007, an yi a Sin a 2023, har zuwa 2025 kuwa bai taɓa sauka a Afirka ba. A taronsu na 2016 suka ba Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, lambar Hugo saboda littafinta Binti. Labarin wata yarinya ce 'yar ƙabilar Himba ta Namibiya da ta tafi jami'a a wata duniya, tana shafe da jan yumɓun garinsu a jiki da gashi. Da kwamitinmu aka kai wa, da an ce ta je ta yi wanka tukuna.

Ba cewa na yi dole a ba abokina ba. Akwai wani zanen ma da ya burge ni, na ayarin kumbuna da madugu a gaba, shi ma ba a ko tattauna shi ba. Abin da nake nema shi ne a sake baje zanen nan 11 a taron ƙungiya na mako mai zuwa, a gayyato malami guda daga sashen kimiyya da guda daga namu, kowane alƙali ya faɗi hujjarsa a gaban jama'a kafin a kai komi wurin masu ɗab'i. In kwamiti ya ƙi, to mu huɗu mun riga mun haɗa kuɗin buga kati 50 na matar nan mai albasa, abokina kuma ya yi alkawarin gyara kabewarsa kafin Juma'a.