Wasiƙun Da Ruwa Ya Ci A Shehuri

Ran Asabar ɗin da ta shige wani tsohon abokina, ɗan kasuwar hatsi a unguwar Shehuri, nan kusa da fadar Mai Martaba Shehun Borno, ya aiko ɗansa ya kira ni. Ashe kwamfuta ya saya, yana so a ɗora masa akwatin imel nasa a kanta. Ban ko gama tuɓe takalmi ba ya ce, "Malam, sharaɗina ɗaya ne. Kada a maimaita mini irin ta da."

Irin ta da ɗin kuwa ga ta. Alhaji yana sayar wa ƙungiyoyin agaji gero da wake, su kuwa ba su san ciniki da baki ba, kome sai a rubuce. Saboda haka ya kama hayar akwati da sunan shagonsa a wurin wani kamfani, aka haɗa masa shi da kwamfutar da ke kan teburinsa. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya kwana cikin Maiduguri ran 10 ga Satumba, 1994 ta dawo wa tsofaffi sabuwa a 2024. Ruwan ya shiga fada, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga Shehuri da Gwange, ya kuma tarar da kwamfutar Alhaji. Bayan ƙura ta lafa ya ari ta wani ya leƙa akwatinsa a wurin kamfanin, sai ya iske wasiƙun mako biyu kacal. Takardun oda na shekaru, har da na wani bashi da bai karɓa ba, duk sun tafi da laka.

Kamfanin ba shi da laifi. Abin da ya faru zaɓi ne guda da wanda ya haɗa masa ya yi, bai kuwa yi masa bayani ba.

Masu karatu da suka taɓa hayar akwatin gidan waya za su gane maganar nan da nan. Akwatin yana can wurin masu shi, kai mabuɗi kawai gare ka. Manhajar da ke kan kwamfutarka, ko Outlook ce ko Thunderbird wadda ake samu kyauta, masinja ce da kake aike. To, aiken iri biyu ne. Na fari ana ce masa POP, tun 1984 yake. Wannan masinja kwashe wasiƙu yake yi ya kawo gida, manhajoji da yawa kuwa, in ba a hana su ba, sukan share na cikin akwati bayan kwana 14. Ka ji asalin mako biyun Alhaji. Na biyu shi ne IMAP, wanda wani Ba'amurke, Mark Crispin, ya ƙago a Jami'ar Stanford a 1986. Shi kwafi yake ɗauko maka, ya bar na asali a inda yake, har ma abin da ka karanta a kwamfuta ka gan shi an karanta a wayarka.

Wani zai ce to me ya kai mutum ɗora manhaja, alhali yana iya shiga intanet ya karanta wasiƙarsa kai tsaye? Mai wannan tambaya bai zauna garin nan ba. A watan Mayu na 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci, an rufe layukan wayar salula har tsawon makonni. A Janairun 2021 aka kayar da turakun lantarki na hanyar Damaturu, muka kusan cinye shekarar a duhu. Manhajar kan tebur tana ajiye kwafin wasiƙu a cikin kwamfuta, ka karanta ka rubuta amsa ko babu intanet, in layi ya dawo ta aika. A ganina wannan kaɗai ya isa dalili.

Haɗawar kanta ba ta kai shan shayi ba. Abu huɗu za ka karɓo daga kamfanin da ya ba ka haya: cikakken adireshinka, kalmar sirri, sunan kwamfutarsu mai karɓar wasiƙa, da sunan mai aikawa, wadda ake kira SMTP. A gurbin sunan mai shiga, rubuta adireshin duka har abin da ke bayan alamar @, don a nan ne akasarin mutane ke tuntuɓe. Manhaja za ta tambayi lambar ƙofa: 993 ga IMAP, 465 ko 587 ga aikawa, tare da kullen nan da ake kira SSL ko TLS, don kada wani ya tsinci kalmar sirrinka a hanya. Sau da yawa Thunderbird kan gano waɗannan da kanta, amma fa ka duba da idonka ka tabbata IMAP ta zaɓa. Wanda akwatinsa ke wurin Google, ya sani tun 2022 suka daina karɓar kalmar sirri tsura daga manhajoji a akwatunan Gmail na jama'a, sai dai taga ta buɗe ka shiga ta wurinsu. In an gama, aika wa kanka wasiƙa. Idan tana shigowa amma ba ta fita, matsalar tana wajen SMTP, galibi ba a sa masa adireshi da kalmar sirri ba.

Sai dai kada a ɗauka IMAP rumbu ne. Madubi ne. Abin da yaron shago ya share a waya, ya share a kwamfuta, ya share a wurin kamfani. Har wa yau haya haya ce. Sunan da ke ƙarewa da .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da rajistarsa, yana da wa'adin da ake sabuntawa, haka shi ma akwatin. Ran da kuɗi ya ƙare aka yi sakaci, mai gida na iya share ɗakinsa ya zuba wani. Akwatin kuma yana da iyakar abin da yake ɗauka, in ya cika sai wasiƙun mutane su riƙa komawa kai ba ka da labari.

Don haka bayan mun haɗa na buɗe wa Alhaji jaka a cikin kwamfutar kanta, wadda ba ta bin akwati, na nuna wa ɗansa yadda zai riƙa kwafe takardun oda da rasit a ciki, ya kuma juye su a filas kowane ƙarshen wata. Alhaji ya juya filas ɗin a tafin hannunsa, ya ce, "Wannan ɗan abin? A ina zan ajiye shi?" Na ce ko'ina, ban da shagon nan. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce yana da ƙane a Kano, zai sayi biyu. Ranar biyan kuɗin haya kuwa, da alli ya rubuta ta a bango, sama da layin da ruwa ya bari.