Sunan Lasisi Ba Abin Wasa Ba Ne

A wannan mako za mu duba wani aiki da ba a buga masa ganga, amma wanda amfaninsa ya shafi duk mai riƙe da wayar hannu ko kwamfuta. Aikin kuwa shi ne daidaita sunayen lasisin buɗaɗɗiyar manhaja.

Ita buɗaɗɗiyar manhaja, watau wadda marubutanta suka yarda kowa ya ɗauka, ya duba cikinta, ya gyara, ya rarraba, ba dukiyar da ba ta da mai ita ba ce. Kowace tana tafe da lasisi, takardar da ke bayyana sharuɗɗan mai ita. Wani lasisin, kamar MIT, abin da yake nema kawai shi ne a bar sunan marubuci da sanarwarsa a jiki. Wani kuwa, kamar GPL, ya wajabta wa duk wanda ya gyara manhajar ya rarraba ta, ya saki asalin rubutun gyaran nasa bisa sharuɗɗan nan dai. Wanda ya saɓa yana iya tsintar kansa gaban alƙali. A shekarar 2008 Gidauniyar FSF ta kai kamfanin Cisco ƙara a Amurka a kan haka, aka yi sulhu a 2009.

To, tsari irin Fedora, ɗaya daga cikin fitattun rassan Linux, ya ƙunshi ƙunshin manhaja fiye da 20,000. Ba mai iya karanta lasisin kowanne a duk lokacin da zai yi amfani da shi. Saboda haka kowane ƙunshi yana da layi guda inda ake rubuta gajeren laƙabin lasisinsa. Matsalar ita ce shekara da shekaru kowane gida da irin laƙabinsa. Abin da Fedora ke kira "ASL 2.0", wani ya kira shi "Apache 2", wani kuma da wani sunan dabam. Kasuwar da kowane ɗan kasuwa ke awo da mudunsa, ai rigima ba ta ƙarewa a cikinta.

Maganin da aka samo shi ne SPDX, wani tsari da aka fara a 2010 ƙarƙashin Gidauniyar Linux, wanda ya ba kowane lasisi suna ɗaya tak. Masu kula da zuciyar Linux sun soma liƙa waɗannan sunaye a kan fayilolinsu a 2017. A 2021 Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya ta amince da tsarin da lamba ISO/IEC 5962. Fedora kuwa ta yanke shawarar komawa gare shi a 2022, ta bar tsofaffin sunayenta da ake kira na Callaway, domin Tom Callaway ne ya daɗe yana kula da al'amuran lasisi a wurin.

Mai karatu zai ce, to mene ne abin wahala? A umarci kwamfuta ta sauya sunayen dare ɗaya mana! Lalle wasu sun sauyu haka. "ASL 2.0" ya koma "Apache-2.0", "GPLv2+" ya koma "GPL-2.0-or-later", ba gardama. Amma a tsohon tsarin Fedora, laƙabin "BSD" kaɗai yana iya nufin lasisi mai sharaɗi 2 ko mai sharaɗi 3, "MIT" kuwa rumfa ce da aka tara lasisi iri-iri masu kama da juna a ƙarƙashinta. SPDX ya ba kowannensu sunansa. Don haka tilas mutum ya buɗe ƙunshin, ya karanta takardar da idonsa, ya gane wacce ce. In ya tarar da wadda babu ita a jerin SPDX, sai ya miƙa ta a duba, a ba ta suna. Wannan ne ya sa aikin ya ɗauki shekaru, ana yinsa mataki-mataki tun daga Fedora 38 ta 2023.

Kada a ɗauka tsanani ne na banza. Dubi bambancin "GPL-2.0-only" da "GPL-2.0-or-later". Na farko yana nufin bugu na 2 na GPL, wanda ya fito a 1991, shi kaɗai. Na biyu ya yarda a bi wannan bugu ko wanda ya biyo bayansa, kamar bugu na 3 na 2007. A fatawar FSF, manhaja mai lasisin Apache-2.0 tana haɗuwa da bugu na 3, amma ba ta haɗuwa da bugu na 2. Ke nan kalma ɗaya a ƙarshen laƙabi ita ke raba haɗin da ya halatta da wanda bai halatta ba. Shi ya sa a ƙarshen 2017 SPDX ya yi watsi da sunan "GPL-2.0" tsurarsa, ya ce kowa ya fito fili ya faɗi wanda yake nufi.

Wasu masu kula da ƙunshi sun yi ƙorafi, kuma da hujjarsu. Da yawansu 'yan sa-kai ne, ba lauyoyi ba, ga shi sabon laƙabin yakan yi tsawo, domin an bukaci a jera lasisin da ke cikin ƙunshi ɗaya bayan ɗaya, a haɗa su da "AND" ko "OR". Amma a ganinmu wahalar ta cancanta. A 2021 gwamnatin Amurka ta ba da umarnin a nemi masu sayar mata da manhaja su riƙa bayyana jerin abubuwan da suka harhaɗa a ciki, kuma SPDX na cikin tsare-tsaren da ake rubuta wannan jeri da su. Jerin da sunayensa ke da harshen damo ba zai amfani kowa ba.

Nasiharmu ga matasanmu masu rubuta manhaja ita ce, duk abin da za ku saki ga duniya, ku zaɓi lasisi, ku rubuta sunansa na SPDX daidai a kan kowane fayil. Abin da kuka ɗauko na wasu kuma, ku karanta sharuɗɗansa kafin ku gina sana'a a kansa. Kayan aro amana ne, ko da mai shi yana bangon duniya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.