Raddi Ga Masu Cewa Koyar Da Sautin Baƙi Ɓata Lokaci Ne

Akwai ra'ayin da ke yawo a tsakanin wasu malaman firamare da masu makarantun kuɗi, cewa koya wa yaro sautin kowane baƙi da yadda zai haɗa shi da wasali wahalar banza ce. A ganinsu, a nuna masa kalma sukutum tare da hotonta, ya yi ta maimaitawa bayan malam, karatu zai zo da kansa. Ba na zargin niyyarsu, domin da yawansu sun tsufa da alli a hannu. Amma hujjojinsu ba su da ƙwari, kuma 'ya'yan talakawa ne ke kwana a ciki, waɗanda ba su da mai biya musu darasi a gida.

Sun ce karatu kamar magana yake, yaro tsintarsa yake yi. Ba haka ba ne. Duk yaro mai lafiyar kunne da ya tashi cikin mutane zai yi magana ko ba a zaunar da shi ba, amma ga dattawa nan birjik da suka shekara hamsin suna kallon allunan kan titi ba su iya karanta ko ɗaya ba. Rubutu ƙirƙirar ɗan Adam ne, yarjejeniya ce cewa alama kaza na wakiltar sauti kaza, kuma sai an sanar da mutum yarjejeniya yake saninta. Wannan ra'ayi nasu ma ba sabo ba ne. A 1967 Kenneth Goodman na Amurka ya siffanta karatu da wasan canki-canki, inda mai karatu ke hasashen kalma daga abin da ke kewaye da ita. An bi wannan hanya shekaru da dama, har kwamitin ƙasa kan karatu na Amurka ya fitar da rahotonsa a 2000, ya tabbatar da cewa koyar da sauti bi da bi, cikin tsari, ya fi amfanar yara. Ingila ta bi sahu bayan rahoton Jim Rose na 2006.

Sai suka ce, to ai ka gani, abin na Turawa ne, ba namu ba. Nan ne na fi mamakinsu. Wanda duk ya zauna a gaban alaramma ya san da babbaƙu ake farawa, yaro ya san kowane harafi da siffarsa, sannan a shiga farfaru, a ɗora wasali, ya ji yadda muryar harafin ke sauyawa. Ƙa'idar Bagadadi da ake biyawa a Islamiyyu ma haka aka gina ta: harafi, wasali, sannan haɗawa. Kakanninmu ba su taɓa miƙa wa ƙolo shafi guda su ce ya canka ba. In akwai baƙuwar hanya a nan, to hanyar haddace siffar kalma ce.

Ƙari a kan haka, Hausar boko ta fi Ingilishi dacewa da hanyar sauti nesa ba kusa ba. Ingilishi yana da sautuka kusan 44 da haruffa 26, harafi ɗaya kan yi murya uku ko huɗu. A Hausa kuwa, "k" na nan a "k" duk inda ka same shi, tagwayen baƙaƙe irin su sh, ts, ky da gw kuma 'yan ƙalilan ne. Wani bincike da Philip Seymour da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 ya kwatanta yara a harsunan Turai 13. A ƙarshen shekarar farko ta makaranta, yaran Finlan, Girka da Italiya suna karanta fiye da kashi 90 cikin 100 na kalmomin da aka ba su daidai, masu koyo da Ingilishi kuwa kashi 34 kacal. Hausa tana ɓangaren masu sauƙin nan. Abin takaici ne a ce yaro ya kai aji huɗu bai iya karanta "tuwo" ba.

Wasunsu kan ce, mu ai muna yi, ba ka jin yara suna rera ba, be, bi, bo, bu? Ina ji. Amma ka rufe layin, ka nuna wa yaro "bo" ita kaɗai, ka ga ko zai faɗa. Sau da yawa waƙar ya haddace. Shi ya sa gwajin da Ingila ta soma a 2012 yake ba yaro kalmomi 40, rabinsu ƙagaggu marasa ma'ana, don a gane wanda ke haɗa sauti da wanda ya yi hadda. Kuma aikin daga kunne yake farawa, tun kafin a ɗauki alli: yaro ya ji bambancin "kare" da "ƙare", "bari" da "ɓari", ya tafa gaɓoɓin sunansa, ya faɗi sautin da ke farkon "masara". Wani cikas kuma shi ne waƙar haruffan Ingilishi. An ce wa yaro sunan harafin C "si" ne, ya zo ga "cokali" ya tsaya cak, a ce ba shi da ƙwaƙwalwa.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce wannan: boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka "gari" na iya zama birni ko na tuwo, "kuka" na iya zama itace ko hawaye, sai ma'anar jimla ta raba gardama. Gaskiya ne, kuma na yarda cewa furta kalma ba shi ne fahimta ba. Tun 1986 Gough da Tunmer suka bayyana cewa fahimtar karatu tana buƙatar abu biyu tare, iya warware rubutu da sanin harshen. Sai dai a duba jerin aikin. Dole yaro ya fara fitar da g-a-r-i daga takarda kafin jimla ta zaɓar masa wanne ake nufi. Ɗan Bahaushe kuma ya zo makaranta da rabin aikin a kammale, bakinsa cike da kalmomi da tatsuniya da kacici-kacici. Rabin da ya rage ne ake hana shi.

Batun cunkoson aji da rashin littattafai ba na musunsa, amma hujja ce a kansu. Hanyar canki ce ke buƙatar tulin littattafai masu hotuna. Hanyar sauti allo da alli da malamin da aka horar sun ishe ta farawa. Littattafan "Mu Karanta!" da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, duk a makarantun gwamnati irin namu aka gudanar da su, da Hausa. Iyayen da ke tsoron Hausa za ta tare wa ɗansu Ingilishi kuma su kwantar da hankali: yawancin haruffan ɗaya ne, kuma yaron da ya gane cewa harafi na ɗauke da sauti ba sai an sake koya masa wannan ba. Abin da zai rage masa shi ne kalmomin Ingilishi da rikitattun wasulansa, zai kuma tunkare su yana mai karatu tuni.