Darasin Dutsen Diablo: Gyaran titi ya yi abin da doka ta kasa

A gabashin birnin San Francisco da ke Jihar Kalifoniya a Amurka akwai wani dutse da ake kira Diablo, mai tsayin mita 1,173. Gwamnatin jihar ce ke kula da shi a matsayin gandun shaƙatawa mai faɗin eka kusan 20,000. A ranar da gari ya yi wasai, wanda ya kai ƙololuwarsa yana hango gadar Golden Gate ta yamma da tsaunukan Sierra Nevada ta gabas. Wannan ne ke jawo iyalai a motocinsu. Masu keke kuwa hawan ne da kansa ke kawo su.

Shekaru da dama waɗannan baƙi iri biyu suna gogayya a kan siririn titi guda, kuma a mafi yawan lokuta mai keke ne ke kwana a asibiti. Yadda aka shawo kan matsalar abin dubawa ne, domin ba a hana kowa hawa ba, ba a kuma kashe maƙudan kuɗi wajen fasa sabon titi ba.

Hanyoyin hawa

Ƙofofi biyu ne ke kai abin hawa cikin gandun. Titin North Gate yana tasowa daga garin Walnut Creek ta arewa maso yamma. Titin South Gate kuma daga ɓangaren garin Danville yake tasowa, ya ratsa ta Rock City, wurin da iska da ruwa suka sassaƙa duwatsu suka bar ƙananan koguna. Titunan biyu suna haɗuwa a wata mahaɗa da ke da ofishin masu gadin gandun. Daga nan titi ɗaya ne tal, wato Summit Road, mai tsawon kilomita 7 da ɗoriya, wanda ke wucewa ta sansanin Juniper har zuwa ƙololuwa.

A ƙarshensa ne ake cin kwakwa. 'Yan mitocin ƙarshe suna da tsananin hawa, kusan kashi 17 cikin 100, ma'ana a duk mita 100 da aka ci gaba ana ɗagawa sama da kusan mita 17. Masu keke suna kiran wurin “bango”, kuma ba abin kunya ba ne a ga mutum ya sauka yana tura kekensa.

A wannan hanya ake gudanar da gasar Mount Diablo Challenge, wadda ke farawa daga makarantar Athenian a Danville. Tsawonta kusan kilomita 18 ne, hawan kuma kusan mita 990, kuma burin gwanaye shi ne su gama cikin ƙasa da awa ɗaya. Babbar gasar tseren keke ta Tour of California ma ta kammala zangonta a saman dutsen sau biyu a jere: Leopold König ɗan Jamhuriyar Czech ya yi nasara a 2013, Rohan Dennis ɗan Ostireliya kuma a 2014.

Wanda ba ya son hawa ƙololuwa yana iya zagaye dutsen ta titin Marsh Creek da na Morgan Territory, inda a wasu wuraren titin ke tsukewa har mota biyu ba sa iya giftawa cikin sauƙi. Masu yara da masu koyo kuma suna da Iron Horse Trail, tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mayar ta keke da ta ƙafa, wadda ta ratsa Walnut Creek da Danville a miƙe ba hawa.

Inda gizo ke saƙa

Titunan dutsen tsofaffi ne, kuma an shimfiɗa su ne bisa yadda dutsen ya ba da dama. Ba su da kafaɗa, kwanoninsu kuma sun yi yawa, wasu ma direba ba ya hango abin da ke tafe sai ya shiga cikinsu.

Hatsarin da ya fi yawa kusan salonsa ɗaya ne. Mai keke yana hawa a hankali, bai fi saurin mai sassarfa ba. Mota ta biyo bayansa, direba ya yi haƙuri na ɗan lokaci, sannan ya ƙosa ya karkata zuwa hannun masu saukowa don ya wuce. A daidai lokacin wani mai keken ya ɓullo daga kwana yana gangarowa da gudu, sai su yi gaba da gaba. Wanda aka buge bai san hawa ba bai san sauka ba, domin a kan hannunsa yake.

Ƙungiyar masu keke ta Mount Diablo Cyclists ta bi bayanan haɗurran da hukumar gandun ta ajiye. Abin da ta gano shi ne, tsakanin 2010 da 2014 ana samun karo tsakanin mota da keke sama da sau 20 a shekara, kuma mafi yawansu a kan irin waɗannan kwanoni ko kusa da su.

Ba rashin doka ba ne ya jawo haka. A watan Satumban 2014 Kalifoniya ta fara aiki da dokar da ta tilasta wa direba barin tazarar ƙafa 3, wato kusan mita ɗaya, idan zai wuce mai keke. Doka ce mai kyau, amma a titin da hannu ɗaya da ƙyar yake ɗaukar mota, direban da zai ba da wannan tazara dole ya shiga ɗaya hannun. Wato yana kare mai hawa, yana jefa mai saukowa cikin haɗari. Zaɓin da ya rage masa shi ne ya yi ta bin bayan keke har inda hali ya yi, kuma ba kowa ke da wannan haƙuri ba.

Maganin da aka samo

An fara da abubuwa masu sauƙi: layi biyu na ruwan ɗorawa a tsakiyar titi, da alluna masu gargaɗin kada a wuce keke a kan kwana. Sai kuma aka zo da abin da ya fi tasiri, wato wuraren ratsewa. Ɗan gajeren layi ne da ake ƙara wa titi a gefen masu hawa, a daidai wuraren da ke da haɗari. Mai keke ya ratse ciki ba tare da ya tsaya ko ya sauke ƙafa ba, mota ta wuce a kan hannunta, shi kuma ya koma titi a gaba.

An fara da 'yan kaɗan a matsayin gwaji. Da aka ga amfaninsu, ɗan majalisar dattawan jihar na wancan lokacin, Steve Glazer, ya samo dala miliyan 1.5 daga kasafin Kalifoniya, aka gina ƙarin guda 30. Daga baya masu keke da magoya bayansu suka tara gudummawa aka ƙara wasu, har adadin ya kai 67 a 2024. Haɗurran sun ragu matuƙa.

Sirrin nasarar ba boyayye ba ne. Direban da ya san cewa nan gaba kaɗan akwai inda keke zai ratse masa yana iya jira. Wanda bai san ranar da zai samu hanya ba shi ne ke yin kasada. Masu aikin ba su tsaya wa'azi kan haƙuri ba, sun rage tsawon lokacin da ake buƙatar haƙurin ne.

Ƙorafe-ƙorafen da ke da tushe

Akwai masu cewa gandun daji ba wurin ƙara kwalta ba ne. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin an keɓe wurin ne don kare tsirrai da namun daji. Sai dai idan aka kwatanta gajerun wuraren ratsewa da faɗaɗa titin gaba ɗaya, wanda zai buƙaci fasa dutse na kilomitoci, za a ga wanne ne ya fi sauƙin ɓarna.

Wasu kuma na ganin an kashe kuɗin jama'a kan wasan 'yan tsiraru. Amma direba ma ya amfana. Babu wanda ke fita yawon shan iska da iyalinsa don ya dawo da alhakin rai a wuyansa, ko ya ƙare a kotu.

Su ma masu keke ba a wanke su tas ba. Ƙa'idar gudu da ta hau kan mota ta hau kansu, kuma wanda ya saki birki a gangare ya yanke kwana ya shiga hannun wasu, babu wurin ratsewar da zai cece shi. Haka wanda ya ga wurin ya ƙi shiga don kada a rage masa sauri, ya rushe amanar da tsarin ya ginu a kanta.

Sauran aiki

Babban giɓin da ya rage yana wajen ƙofar gandun. Kafin mai keke ya isa South Gate, sai ya bi titin Diablo Road, wanda wani sashensa siriri ne mai kwane-kwane da yawan motoci. Da yawa sun riƙa kauce masa suna ratsawa ta cikin unguwar Diablo, lamarin da ya jawo saɓani da wasu mazauna unguwar har aka je kotu. Wannan ya nuna cewa idan hukuma ta bar hanya da haɗari, jama'a za su nemo wata da kansu, rigimar kuma ta koma tsakanin maƙwabta.

Don haka ya kamata hukumomin Danville da na gundumar Contra Costa su ɗauki hanyoyin shiga da irin muhimmancin da aka ba na cikin gandun. Ita kuma hukumar gandun ta ware kuɗin kula da wuraren ratsewar, domin wanda tsakuwa da ƙasa suka rufe bayan ruwan sama babu mai siririyar taya da zai shige shi. Sannan ta riƙa fitar da alƙaluman haɗurra duk shekara, tunda da alƙaluma aka fara gano bakin zaren.

Duk hukumar da ke da titin dutse inda mai sauri da mai tafiyar hawainiya ke haɗuwa tana da abin koyi a nan. A fara da ƙidaya inda ake faɗuwa, a gano dalili, sannan a gyara daidai wurin. Rigakafi ya fi magani, kuma a Diablo an ga cewa rigakafin bai kai tsadar da ake tsoro ba.